Ƙudan Zuma a Kwalba

A gidan wanki na titin Jerome, a Bronx,
injuna goma sha takwas ne, uku sun mutu.
Ni ke aikin dare, Yanelis ke aikin yamma,
rabin awa kawai ke haɗa mu.
Tana ninke zannuwan mutane,
tana wani ɗan amo ta hanci
kamar ƙudan zuma ya faɗa kwalba.

Ban taɓa tambayarta ba.
Wa ke tambayar tukunya abin da take faɗa in tana tafasa?

Ta bar aiki da sanyi.
Mista Yun ya ce ta tafi waƙa,
ya faɗa kamar mai sanar da rasuwa.
Aka ba wani yaro gurbinta,
mai ninke riga kamar ta zage shi.

Sai zafi ya sauko, irin mai narka kwalta.
Yara suka ɓalle famfon 'yan kwana-kwana,
titi ya zama rafi.
Daga wata jar mota mai saukakken gilashi
na ji ƙudan zuman nan ya fito,
ya yi fiffike, ya sami ganguna,
ya sami ƙaho uku
da wani ƙarfe mai ƙaiƙayi
kamar ana kankare ƙanzo da cokali.

Kafin sati biyu ta cinye unguwa.
Shagon aski, jirgin ƙasa mai bi ta sama,
matar da ke fere mangwaro a bakin tasha,
har ɗan sandan mararraba,
fuska a murtuke, ƙafa tana cin amanarsa.
Gidajen rediyon Turanci suka ɗauka,
mai gabatarwa na tuntuɓe a kan sunanta.
Wani ya rubuta cewa alewar bazara ce,
ba za ta ga zubar ganye ba.
Wani ya ce ta sayar da kiɗan kakanninta da arha.
Shi dai ƙugu ba ya karanta jarida.

Bayan Juma'a Alhaji Sidi ya tsare mu
kan kiɗan da ya toshe kunnen yara.
Yana tsaka da faɗa, aljihunsa ya ɗauka.
Jikarsa ce ta taɓa masa waya.

Ni kalma ɗaya nake kamawa.
Can tsakiya, inda ganguna ke ja da baya,
takan ce kasa, kasa,
ni kuwa sai in ji ƙasa.
In ji ƙamshin Tasawa bayan ruwan farko,
in ga gonar da ƙanena ke nomawa da sunana
shekara goma sha tara.

Balki, 'yata, ta yi dariya har da riƙe ciki.
Baba, gida take nufi.
Cewa take wani ya dawo gida,
abinci na hucewa.
Na ce, to, ai ban ɓata da nisa ba.

Ta zo sau ɗaya, ganye ya fara ja,
da masu kyamara da wani mai riƙe mata jaka.
Mista Yun ya ɗaura lakataye.
Suka sa ta ninke tawul ɗaya sau huɗu,
na huɗun ne ya yi musu,
duk da na farkon ne daidai.
Ta hango ni ta bayan fitila.
Tanimu, inji na bakwai fa?
Na ce yana nan yana cin kuɗin mutane.
Ta yi dariya, aka ja ta zuwa mota.

Yanzu rediyo ya sami wata.
Ƙarfe biyun dare, gilashi ya yi gumi,
na bakwai ya haɗiye sulallan wata tsohuwa,
ina dukan gefensa da tafin hannu.
Yaron nan bai tafi ba, yana jiran bas,
yana ninke rigar ƙarshe, a hankali,
bai ma san yana yi ba:
ƙudan zuman ya koma kwalba.